Funfuna a Mazaunin Jirgi, da Yadda A Ke Kawar da Ita

Kai mai karatu, in kai mutumin ƙasar Gaya ne ko ta Ajingi, ba sai an kwatanta maka Kogin Wudil ba. Kogin Kano da Kogin Challawa su suka haɗu suka yi shi. Yana wucewa ta ƙarƙashin gadar Wudil, ya nufi gabas maso arewa, ya bi ta Ringim har Haɗejiya, don haka ne a ke kiransa Kogin Haɗejiya a cikin taswira. Wanda ya ke kusa da gada ya huta. Amma wanda gonarsa ko kasuwarsa ta ke hayi, gada kuwa ta yi masa nisa, ba shi da abin yi sai ya shiga jirgin fito.

A zamanin kakanninmu, in rani ya yi sai kogin nan ya janye, ya bar rairayi da 'yan kududdufai, mutane su riƙa ƙetarewa da ƙafa. Jirage kuwa sai a jawo su tudu, su yi watanni suna shan iska. Amma a shekarar 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 kuma aka gama ta Challawa. Tun daga nan a kan saki ruwa ko da rani. Watau jirgi ya daina samun dogon hutun da ya saba samu. To, jirgin da ba ya bushewa yana da abokin gaba, ƙarami ne ƙwarai, amma ba ya barci. Sunansa funfuna.

Ni kaina na taɓa shiga wani jirgi da marka, ina sanye da farar riga, na zauna a kan benci. Da muka sauka sai na ga baƙin tabo a bayan rigar. Na yi wa mai jirgin magana, ya yi dariya ya ce, “Ai dauɗar ruwa ce, Malam, wanki ɗaya za ta fita.” Ba dauɗar ruwa ba ce. Abin da ya ke nan shi za mu duba a cikin wannan darasi.

Mece ce funfuna?

Ka san ta a gida. Ita ce ta kan fito a kan tuwon da ya kwana biyu a rufe, ko a jikin takalmin fata da aka ajiye a lungu da damina. Wata fara ce kamar auduga, wata kore, wata baƙa kamar kunkunniya. Mutane da yawa suna tsammani datti ce kawai. A'a, abu ne mai rai, tana ci, tana girma, tana kuma yin iri. Danginta ɗaya da laimar kwaɗi, wadda ta kan fito a jikin ruɓaɓɓen kututture.

A shekarar 1665 wani masani na Ingila, Robert Hooke, ya duba funfunar da ta fito a bangon wani littafi na fata da madubin likita, watau madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa. Sai ya ga wasu siraran karare, kowanne da ɗan kai a bisansa, ya zana surarsu. Bayansa, a shekarar 1729, wani mutumin Italiya, Micheli, ya bayyana wani gwaji da ya yi. Ya ɗebi ƙurar funfuna ya barbaɗa a kan 'ya'yan itace da ya yanka, sai irin funfunar da ya barbaɗa ita ce ta tsiro. Da haka aka gane ba haka kawai ta ke fitowa ba, shuka ta a ke yi, kamar gero. Sai dai ita iska ce ke shuka ta.

Ƙwayoyin irinta sun fi ƙarfin ido ya gan su ɗaya-ɗaya. Suna cikin iskar da ka ke shaƙa yanzu. Ba mai iya tsare su, ba kuwa mai iya ƙarar da su. Abin da mutum zai iya shi ne ya hana su samun gona.

Abin da ta ke bukata

Abu uku funfuna ke so: abinci, da danshi, da iska mai ɗumi wadda ba ta motsi. A cikin jirgi abinci ba ya yanke mata. Ga majinar kifi da jininsa, ga gumin mutane, ga laka, ga ɗigon nono da fura, ga hatsin da ya zube daga buhu. Danshi kuwa, daga watan Yuni zuwa Satumba ba a maganarsa, balle a Agusta, lokacin marka. In ta sami waɗannan, cikin kwana ɗaya ko biyu sai ta soma kama wuri.

Amma ga wani abin mamaki. A shekarar 1987 wani Bafilatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, kusa da Kogin Komadugu Gana, a ƙasar da ta ke Jihar Yobe yanzu. Da ya yi zurfin wajen mita 5 sai ya ci karo da wani ice mai tauri. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt ta ƙasar Jamus suka zo suka tone, ashe kwalekwale ne, tsawonsa ya ɗara mita 8, watau wajen ƙafa 27. Da aka auna shekarunsa aka tarar ya yi wajen shekara 8,000. Duk Afirka ba a sami jirgin da ya girme shi ba.

Yaya ice ya yi wannan daɗewa a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa bai ruɓe ba? Domin ruwa da laka sun rufe shi ruf, iska ba ta kai gare shi. Ka ga ke nan icen da ya nutse sarai ba ya saurin ruɓa. Busasshen ice kuma ba ya ruɓa. Masanan katako sun auna sun ga in ruwan da ke cikin katako bai kai kashi 20 cikin 100 na nauyinsa ba, ruɓa ba ta kama shi. Wanda ke ruɓa shi ne na tsakani, wanda ya jiƙe yau, gobe ya soma bushewa, jibi ya sāke jiƙewa, bai taɓa bushewa har ciki ba.

To, ina ne wurin nan a jirginka? Mazauni ne, musamman ƙarƙashinsa inda rana ba ta gani, da bakinsa biyu inda ya haɗu da jikin jirgi. Riƙe wannan da kyau: ba kogi ke cin jirgi ba, danshi ne.

Ɓarnar da ta ke yi

Ta fari, tana ɓata tufa, tana sa wari, tana sa katako santsi. Mai ɗauke da kaya ko mace mai goyo in ta taka ta zame, jirgi ya karkata, kai ka san abin da zai biyo baya.

Ta biyu, ƙurarta tana sa atishawa da tari da ƙaiƙayin ido. Mai ciwon asma ta kan tayar masa da ciwonsa. Fasinja na ɗan lokaci ne, amma kai da yaronka ku ke wuni a ciki.

Ta uku ita ce babba. Funfunar da ka ke gani a sama ba ta cika rage ƙarfin katako ba, dauɗar kansa ta ke ci. Amma tana da 'yar'uwa wadda ke shiga can ciki ta ci naman icen, ita ce ke kawo ruɓa. Danshin da ya ishi wannan, in ya daɗe, shi zai kira waccan. Watau baƙin tabon nan ɗan aike ne, ya zo ya gaya maka wurin nan ba ya bushewa. Ruwa ba ya tsami banza.

Kada ka ce ai benci ne kawai. A jirgin katako, katakon nan da aka gitta ba don zama kaɗai aka sa shi ba. Shi ke riƙe da gefen dama da na hagun, kamar yadda azara ke riƙe da rufin soro. In bakinsa ya ruɓe, ƙusa ta saki, sai jikin jirgi ya riƙa motsi, mahaɗan katako su buɗe, ruwa ya sami hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ka fara da gwaji

Kafin ka ɗebo ruwan wanki, sai ka san ko wanki zai yi amfani. Jawo jirgi tudu. Ɗauki wuƙa mai tsini ko babbar ƙusa, ka bi kowane benci kana sokawa, sama da ƙasa, da wajen bakinsa, da kewayen kowace ƙusa. Ice mai lafiya ya kan ƙi wuƙa, in ka ɓanɓaro shi sai ya ba da dogon sili. Ruɓaɓɓe kuwa wuƙa ta kan shige shi ba wuya, ya gutsure gajere, ko ya marmashe kamar busasshen ƙuli. Ka kuma ƙwanƙwasa shi da ƙotar wuƙa. Mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum.

In ka tarar da ruɓa, ba sabulun da zai mai da ita. Sai a cire katakon, a sa sabo. In a jikin jirgi ta ke, kafinta ya yanke wurin, ya ƙara da aƙalla taƙi guda a cikin lafiyayyen ice, gama zarenta ya kan yi gaba da inda ido ya tsaya. Guntayen da aka yanke a sa su a wuta.

Akwai kuma wani baƙi da a kan gani kewaye da ƙusa kamar an ɗiga tawada. Wannan ba funfuna ba ce, ƙarfe ne ya gamu da ruwan ice. Wanki ba ya fid da shi, amma yana nuna maka ruwa na shiga ta ramin ƙusar, saboda haka ka soka wurin ka ji.

Yadda a ke wankewa

In katako lafiya lau ya ke, funfuna a sama kaɗai ta tsaya, ga yadda za ka yi. Zaɓi ranar da gari ya washe, ka fara da sassafe don rana ta taimake ka.

1. Ka kwashe duk abin da ke cikin jirgi, tabarmi da buhuna da taru da igiya. In benci mai cirewa ne, cire shi. Ka kwashe laka da ƙaiƙayi da suka taru a lunguna.

2. Ka ɗaure hancinka da bakinka da ƙyalle ko takunkumi. Ka yayyafa wa wurin ruwa tukuna. Kada ka kankare funfuna tana busasshiya, gama ƙurarta za ta tashi, ka shaƙa, saura kuma ta sauka a wani wuri ta tsiro.

3. Ka jiƙa kanwa kamar cikin tafin hannu a bokitin ruwa mai ɗumi, ka sa sabulu. Sabulun salo ya isa. Kanwa tana narkar da maiƙo da majinar kifi, funfuna kuma ba ta son ta. In ba kanwa, tacaccen ruwan toka zai yi. Ka goge da buroshi mai tauri, kana bin tsawon katako, ba gicciye ba. Ƙarƙashin benci ya fi samansa bukatar hannunka.

4. Ka ɗauraye da ruwa mai tsabta, ka tsane da tsumma.

5. In tabo ya saura, zaɓi ɗaya cikin biyun nan. Ko ka shafa ruwan kal tsantsa, ka bar shi sa'a guda, ka ɗauraye. Ko kuwa ka sami ruwan bilic na wankin fararen kaya, irin su Hypo da Jik, ka zuba gwangwani 1 a cikin gwangwani 10 na ruwa, ka shafa, ka bar shi minti 10, ka ɗauraye sosai.

6. Ka shanya. Wannan shi ne ainihin maganin, sauran duk share fage ne. Bilic ya kan faranta tabo har ka ce an gama, amma ba ya ratsa katako can ciki. In danshi na nan, bayan 'yan kwanaki sai ka ga baƙin ya komo. Bencin da aka cire a jingine shi a rana, a riƙa juya shi, kwana biyu ko uku ko fiye, har ya yi sauƙin ɗauka, ya daina sanyi a tafin hannu.

Gangar jirgin kuwa dabam ce. In ka bar ta a tsakar rana mai zafi kwana da kwanaki, kwalekwalen da aka sassaƙa zai tsage, na katako kuma mahaɗansa za su buɗe. Sai ka ɗora shi a kan gungume biyu a inuwar da iska ke ratsawa, ka kifa shi. Ran da za ka mai da shi ruwa, ka bar shi a bakin gaɓa ya sha ruwa katako ya kumbura, ka duba yoyo, sa'an nan ka ɗauki mutane.

Abu huɗu da ba a yi

Kada ka haɗa bilic da ruwan kal, ko ruwan lemon tsami, ko wani maganin wanki dabam. Haɗinsu yana ta da iska mai guba wadda ke ƙone ƙirji, tana iya kisa. Ba a haɗa shi da kome sai ruwa, a fili kuma a ke aiki da shi. Ka sa leda ko safar roba a hannu, ka tsare idonka.

Kada ka zubar da ruwan wankin nan a kogi. Bilic yana kashe kifi da 'ya'yansa. Ka yi wankinka nesa da gaɓa, ka haƙa ɗan rami ka zuba a ciki. Kogin nan shi ne gonar masunta, mutane da dabbobi kuma suna sha.

Kada ka shafa fenti a kan funfuna ko a kan jiƙaƙƙen katako. Ka kulle ɓarawo a cikin ɗaki ke nan. Fenti zai hana danshi fita, ruɓa ta yi ta ci a ɓoye, waje yana ƙyalli.

Kada ka shafa man gyaɗa ko kitse don katako ya yi sheƙi, abinci ka ba ta. Baƙin man mota kuma yana ɓata tufa, yana sa santsi, guba ne kuma ga kifi. In katako ya bushe sarai, fentin mai shi ya fi. Ka shafa sama da ƙasa, ka ƙosar da bakin katakon inda zarto ya yanka, gama ta nan ice ya fi shan ruwa.

Katifa da tabarma da rigar ruwa

Wasu jirage masu inji suna da mazauni na soson katifa da aka rufe da roba. Robar a wanke ta da sabulu da buroshi mai taushi. Bilic yana cin zaren ɗinki, yana sa roba ta bushe ta tsage, saboda haka a nisanta shi da ita. Ka matsa katifar ka sansana. In ruwa ya fito, ko ka ji warin funfuna daga ciki, soson ya tashi daga aiki, sai a sāke wani. Tsagar da ke jikin roba a ɗinke ta ko a liƙe tun tana ƙarama.

Tabarma da buhu a wanke su a shanya a rana. Wanda ya yi baƙi har ya soma yagewa a ƙone shi. Buhun gyaɗa ko na masara kada a ajiye shi a ƙasan jirgi cikin ruwa, a ɗora shi a kan itace. Wata irin funfuna da ke kama gyaɗa da masara tana da dafi mai lalata hanta, dafuwa kuwa ba ta kashe shi.

Rigar ruwa, wadda ke hana mutum nutsewa, ita ma tana yin funfuna in an cusa ta a ƙarƙashin benci tana jiƙe. A wanke ta da sabulu kaɗai, a rataye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ka ja igiyoyinta da ƙarfi. In ɗinki ya saki, ba ta da sauran amfani, gama ran da a ke bukatarta ba a samun damar gyara.

Rigakafi ya fi magani

Duk yamma, in ka tashi daga aiki, ka kwashe ruwan cikin jirgi har ya tsane. Ruwan sama da ya kwana a ciki ya fi na kogin da ke waje ɓarna. Ka ɗauraye majinar kifi, ka kwashe tabarmi da taru ka rataye. Aikin minti kaɗan ne.

In za ka rufe jirgi saboda ruwan sama, kada ka naɗe shi da leda ruf. Ka ɗaga murfin a kan sanda, ka bar gaba da baya a buɗe don iska ta wuce.

In za a sa sabon benci, nemi ice mai ƙarko, irin su ƙirya da kawo da maɗaci. Jan tsakiyar ice ya fi farin gefensa daɗewa. Rimi da farin katako mai taushi suna da araha, amma ba su jure danshi. Ka tabbata katakon ya bushe kafin a kafa shi.

Sau biyu a shekara ka yi gwajin wuƙa: sau ɗaya da bazara kafin ruwa ya sauka, sau ɗaya da kaka bayan ya ɗauke. Babban gyara da fenti kuwa a bar su sai hunturu, lokacin da iska ta bushe, katako ke bushewa da kansa.

A ran 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya kife a madatsar ruwa ta Watari a ƙasar Bagwai, nan Jihar Kano. Mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Allah ya ji ƙansu. Yawan lodi aka ce ya jawo, ba ruɓa ba. Amma abin ya isa ya tuna wa kowane mai fito irin kayan da ya ke ɗauka. Wanda ya shiga jirginka bai duba ƙarƙashin benci ba, bai soka wuƙa ba, ya dai ba ka kuɗinsa ya zauna. Amana ce ya ba ka. In kuwa kai fasinja ne, ka ga baƙin tabo ko katako mai taushi, ka gaya wa mai jirgi da lalama, ko ka karanta masa wannan darasi.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku funfuna ke bukata kafin ta tsiro?

2. Don me kwalekwalen Dufuna bai ruɓe ba?

3. Yaya za ka bambanta katako mai lafiya da ruɓaɓɓe?

4. In ka zuba bilic gwangwani 2, ruwa gwangwani nawa za ka zuba?

5. Me ya sa ba a shafa fenti a kan jiƙaƙƙen katako?

6. Rubuta abin da ya kamata mai jirgi ya yi kowace yamma kafin ya tafi gida.